Gaurakar da ke Tsakar Gidana

Shekarun baya, tun daji yana lafiya, lokacin da mutum zai hau babur daga Talata Mafara ya nausa ƙauyukan bayan Janbako ba abin da yake tsoro sai taɓo da faci, na yi wani baƙo Bature. Waɗanda suka taɓa shiga gidana sun ga gauraka tana yawo cikin kaji, kuma da yawa sun tambaye ni inda na samo ta. Nakan ce labarin da tsawo. Yau na ga gara in faɗa da bakina tun ina da sauran numfashi.

A lokacin ina aikin buɗe ruwa da rufewa a magudanan noman rani na Bakolori. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na tsinci Turanci kaɗan a bakin injiniyoyi, irin wanda sai an haɗa da hannu da ka kafin a gane. Saboda haka duk baƙon da ya sauka tasha ba ya jin Hausa sosai, ni ake aika wa. Abin kuwa yana yi mini daɗi. Ina tafe ina gyara hula, kai ka ce gwamna ne ya kira ni.

Baƙon dattijo ne, dogo, siriri, rana ta gasa shi ya yi jawur. Ya ce shekara da shekaru yana yawon ƙasashe don ganin tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya kamu, ba ya ci. Kallo kawai yake yi da madubin hangen nesa, sannan ya zana a littafi. Ni dai a raina na ce Allah Ya sauwaƙe, mutum da furfurarsa ya bar iyalinsa ya zo kallon abin da yara ke jifa da danƙo. Ya iya 'yar Hausa da ya koyo a Nijar, ya kuma ƙi masaukin baƙi, ya ce a gidan mutane yake son sauka. Na share masa shagon ƙofar gidana.

A nan ne abin ya fara, ko da yake ban gane ba sai daga baya. Mu a gidanmu, in baƙo ya yaba abu, ya zama nasa. Mahaifina ya taɓa tuɓe riga a bakin masallaci saboda wani mutumin Bakura ya ce aikin wuyanta ya yi kyau, ya dawo gida da 'yar shara. Da haka muka tashi. To, ranar farko mahaifiyata ta aiko wa baƙon da tuwo a wani tsohon akushi baƙi wuluk da ta gada. Ya juya shi, ya shafa, ya ce, “Kai, mai kyau!” Kafin la'asar an wanke akushi an ɗaure a tsumma an kawo masa. Ya yi ta roƙo a mayar. Mahaifiyata daga bayan ƙyaure ta ce, “Hwaɗa mai in ya maido shi ya zage ni.” Dole ya karɓa. Bayan kwana biyu ya yaba tabarma, ita ma aka naɗe masa. Daga nan mai ɗakina ta kwashe kwanoninta masu fure ta tura ƙarƙashin gado, shi kuma ya koyi kama bakinsa.

Mako guda ina yawo da shi a babur. Damina ce, ta yi tsakiya. Na kai shi fadamun Bakura ya ga kirinjijiya da dinya da zalɓe. Na kai shi wajen Maradun, bakin ruwa, muka wuni muna jiran dorina ba ta fito ba, sai sauro da ya ci rabonsa. Duk abin da ya gani ya zana, amma na lura ransa bai kwanta ba. Rannan muna shan fura a gindin tsamiya ya buɗe littafinsa ya nuna mini hoton wata tsuntsuwa mai dogayen ƙafafu, da tukku a ka kamar an dasa mata tsintsiyar zinariya. Ya ce ita ta kawo shi, amma ko'ina ya je ana ce masa ta ƙare a ƙasar nan, an kame su an kai gidajen masu hali. Ya ce ya haƙura.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma bakina ya riga ni. Na ce, “Gauraka? Ai ni na san inda suke.”

Na sani kuwa, amma a kan amana na sani. Ina da aboki tun na makarantar allo, masunci, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba ko yanzu da ya zama kufai. Bayan ƙauyen akwai fadama, a tsakiyarta akwai ɗan tsibiri mai ciyawa, nan gauraki ke yin sheƙa. Tun zamanin kakansa gidansu ke riƙe da wurin. Daga ruwan farko har a yanke gero ba mai yankan ciyawa a kusurwar nan, ba mai jefa taru, Fulani ma sun sani, sukan kewaye da shanunsu. Mutanen garin ba su dasa shinkafa sai sun ga gauraki sun fara rawa. Abokina ya ce yana yaro sukan rufe fadamar. Sa'ad da ya nuna mini, biyu suka rage, mace da namiji. Ya ce, “Kai kaɗai na gwada ma. Ka riƙe.”

Na riga baƙon zuwa, na sami abokina yana ɗinkin taru. Bayan mun gaisa, gaisuwar abokai, rabi zagi rabi dariya, na faɗa masa. Ya ajiye allura ya dube ni.

“Kai dai bakinka kamar kwando. Mi nac ce maka?”

“Wallahi kallo kawai yake yi. Ko ƙwai ba ya ci sai na kaza.”

“Kai kuma mi za ka samu?”

“Ba komi. Baƙona ne, na riga na yi magana. Kada ka ba ni kunya.”

Ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Daga baya ya ce ya yarda don ni, amma da sharaɗi: ba bindiga, ba mai taka tsibirin, kuma kada sunan garin ya shiga littafi. Na rantse masa.

Tafiyar ta ci mu. Babur ya kafe sau uku, muka tura har wandon baƙon ya rine da laka. A bakin gulbi muka bar babur a wata bukkar gona da ba kowa, don daga nan sai da gora. Waɗanda ba su sani ba, ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya, ka kwanta a kanta da ciki kana tura ruwa da hannu da ƙafa. Baƙon ya hau ya juye, ya sake hawa ya juye, matan da ke wanki suka yi ta shewa. A ƙarshe abokina ya ɗora littafin da madubin a kansa, ya riƙe masa ƙafa ɗaya ya ja shi kamar ɗan akuya har tsallake. Shi kansa baƙon dariya yake yi har da tari.

Washegari da hantsi abokina ya kai mu. Muka rarrafa cikin ciyawa muka kwanta. Ɗaya tana kan ƙwai a tsibiri, ɗaya tana kiwo a bakin ruwa. Can sai ta kan ƙwan ta miƙe ta taho, suka fuskanci juna, suka buɗe fukafukai, fari da baƙi, suna tsalle suna sunkuyar da kai, tukkun nan yana rawa a rana. Ɗaya ta yi kuka, ɗayar ta amsa. Na waiga na ga baƙona ya ajiye madubi, hawaye na bin gemunsa. Ya manta da darasin akushi. Ya ce da Hausarsa, “Ban ga abu mai kyau kamar wannan ba. Duk duniya.”

Maganar nan ta shiga kaina ta zauna. Baƙona ne. Ya yaba. Mahaifiyata, tsohuwa, ta ba da akushin gadonta, ni da nake namiji in sallame shi hannu wofi? Na tuna na taɓa ganin gauraki suna taƙama a gidan wani attajiri a birni, aka ce mini ana yanke musu gaɓar ƙarshe ta fiffike ɗaya, shi ke nan ba su ƙara tashi. Na ce wa kaina ai ɗaya zan ɗauka, ɗaya na nan, ga ƙwai, baɗi za su ƙaru. Na hango kaina a tasha ina miƙa masa, mutane suna cewa kai, wane ya iya baƙo. In gaya muku gaskiya, wannan hangen ya fi komai ƙarfi a zuciyata.

Kwana biyu bayan haka ranar kasuwar Janbako ta zo. Abokina ya ce zai kai baƙon ya ga kara, inda ake cinikin dabbobi, da 'yan koli, kusan duk garin ma can za su. Na ce zazzaɓi nake ji, su tafi. Suna ɓacewa na yanki igiyar taru a rumfar abokina, na yi zarge irin wanda muke yi muna yara, na kafa inda na ga suna kiwo, na watsa gero. Ban jima ba. Tsuntsuwar da ba a taɓa cuta ba ba ta san tarko ba, kai tsaye ta tako.

Ba zan tsawaita abin da na yi da wuƙa ba. Na danne ta da gwiwa, na yanke, na shafa toka. Ba ta yi kuka ba, numfashi kawai take yi da baki buɗe, zuciyarta na bugawa a tafin hannuna. Ɗayar ce ta taso daga kan ƙwai tana kewaya ni a sama tana ihu. Na sa ta a buhu, na bi ta cikin dawa, na haye gulbi da buhun a ka, na kife ta da kwando a bukkar da babur yake, na ajiye mata ruwa. Na dawo na wanke jinin, na kwanta na lulluɓa.

Da la'asar suka dawo. Tun kafin abokina ya sauke kaya ya tsaya cak a tsakar gida ya karkata kunne.

“Kun ji? Ɗaya ka kuka. Tun da nike ban taɓa jin ɗaya ta yi kuka ba a amsa mata ba.”

Ya ruga fadama, ya dawo jiƙe har ƙirji. Ya ce namijin ne kaɗai, macen ba ta nan, ba gashi, ba sawun dila. Ya tsuguna kusa da tabarmata.

“Kai da ka wuni gida, ba ka ji komi ba?”

“Ina kwance. Ko tashi ban yi ba.”

“Sannu. Jikin naka ya yi sauƙi?”

Ya tashi da kansa, da damuwar da yake ciki, ya tsinko ganyen darbejiya ya dafa mini. Na shanye ƙwarya guda, ɗaci har ƙwaƙwalwa, yana tsaye yana yi mini sannu.

Da safe ya raka mu ya haye da mu gulbi, ya ba baƙon malfa, muka yi ban kwana, ya koma. Namijin nan bai daina kuka ba, muna jin sa har tsallake. Duk da haka, wallahi, da murmushi na ja baƙon zuwa bukka. Na ce, “Ga tsarabarka.” Na ɗaga kwando.

Ya kalle ta, ya kalle ni. Sai kawai ya zauna a ƙasa, cikin laka, kamar an zare masa ƙashi. Ya ce, “A'a. A'a. Sake ta.” Na ce ai ba za ta gudu ba, na riga na gyara masa ita, na ɗaga fiffiken na nuna masa, ina jiran godiya. Ya rufe fuska da malfar da aka ba shi. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Da ya sauke malfar, bai yi Turanci ba, don kada in ce ban gane ba. Ya ce, “Mu koma. Kai ka ɗauka.”

Na sha hayewa gulbi a rayuwata, ban taɓa jin faɗinsa kamar ranar ba. Abokina yana bakin ruwa yana shanya taru. Ya hango mu, ya hango kan da ke leƙowa daga buhu, bai motsa ba har na iso na ajiye a gabansa. Ya kwance bakin buhun a hankali. Ya ware fiffiken, ya ga toka, ya ga ragowar igiyar tarunsa a ƙafarta. Na jira zagi. Na jira mari, da ya fi mini sauƙi. Ya ɗago ya ce, “Ashe zazzaɓin ke nan.”

Ya rungume ta ya wuce fadama.

A tasha baƙon ya ba ni hannu ya ce laifinsa ne, shi ya ce yana son gani. Bai ƙara dawowa ba. Da na isa gida na ba mahaifiyata labari, ina neman wanda zai ɗan tsaya mini, na ce ai tarbiyyar gidanmu na bi, ita ma ta ba da akushi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Akushin nawa ne, shi ya sa na ba da. Ita tsuntsuwar taka ce?”

Sauran labarin a hankali na riƙa jin sa. Macen ba ta koma kan ƙwai ba saboda ciwo, namijin kuma ya ƙi barin gefenta, guza ya shanye ƙwan. Da kaka ta yi, ruwa ya janye, lokacin tafiyarsu ya zo. Namijin ya tashi ya kewaya ya sauko, ya tashi ya sauko, ita tana gudu a ƙasa tana kaɗa fiffike ɗaya da rabi tana faɗuwa. Ya yi makonni a haka kafin ya tafi. Abokina ya kawo ta gida saboda karnuka. Damina ta gaba namijin ya dawo ya tsaya a fadama yana kira, tana amsawa daga bayan danga. Wadda ta biyo baya bai zo ba. A shekarar ne mutanen garin suka fara yankan ciyawa a kusurwar, don ba sauran abin da ake tsarewa.

Na ci gaba da zuwa wurin abokina, ina neman ranar da zai fashe ya zage ni mu wuce wurin. Bai taɓa rufe mini ƙofa ba. Sai dai mutumin da dā yakan tare ni da “kai ɗan banza, ina ka shige”, yanzu shimfiɗa yake yi mini a zaure. “Malam, sannu da zuwa. An zo lahiya? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya tsohuwa?” Gaisuwa cikakkiya, ba ya tsallake ko ɗaya. A kawo ruwa, a kawo fura, a raka ni bakin gulbi. Ban ƙara shiga cikin gidan ba. Ya mai da ni baƙo, ni da na san yadda ake girmama baƙo, na kuma san abin da hakan ke nufi.

Haka muka tsufa. Sannan daji ya lalace. Da 'yan bindiga suka tashi garinsu, wata rana da azahar aka yi sallama a ƙofata. Na fito na ga amalanke da mata da jikoki da 'yan tukwane, shi kuma yana tsaye a gefe, ya rame, ya rungumo gauraka a hammata an rufe mata kai da tsumma. Ya bar tarunsa, ya bar goransa, ya ɗauko ta. Ya ce za su sauka wurin surukinsa, ɗaki ɗaya ne, ba fili.

“Ba ni da inda zan aje ta. Kai kana da tsakar gida.”

Na karɓe ta, na durƙusa a gaban matansa da jikokinsa. Na ce, “Don Allah, don Annabi, ka yafe mini.”

Ya kama kafaɗata ya ce, “Tashi, kai ɗan banza, yara na kallo.” Shekara nawa rabon da in ji wannan zagin. Sannan ya rage murya. “Ni na yahe tun ranar. Amma ba ni ka yanke wa fiffike ba.”

Bai cika shekara biyu a garin nan ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ni na shiga kabarinsa.

Ina yawan tunanin abin. Ban yi don mugunta ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Da na san mugunta nake yi, da wataƙila na fasa. Amma ni a ganina alheri nake yi, har ina jiran a yaba. Na ɗauki abin da ba nawa ba, ba ma na abokina ba, na yi kyauta da shi don a ce na iya baƙo. Abin da mutum uku, kaka da uba da ɗa, suka tsare, na gama da shi tsakanin hantsi da azahar.

Tana nan har yanzu, ta tsufa, tukkun ya yi ƙura. Ni nake ba ta gero da hannuna, ba ta taɓa yarda ta ci ina kusa ba, sai na ja baya. In hadarin farko ya haɗu takan tsaya tsakiyar gida ta miƙa wuya ta yi kira, ta saurara, ta sake yi. Kaji su watse. Ba mai amsawa. Nakan bar abin da nake yi in zauna har ta gama, don ina ganin ko ba komai ya kamata a samu wanda ya ji.

Kwanan baya wani baƙo ya shigo gaishe ni, ya gan ta ya ce, “Kai, Baba, wannan tsuntsuwa da kyau take!” Mai ɗakina ta leƙo daga ɗakin girki tana kallona, don ta san gidan da na fito. Na ce masa, “Da kyau kam. Amma ba tawa ba ce. Ajiya aka ba ni.”